Da a ce korona za ta dawo gobe, za ku sake yarda a kulle ku?

Ɗan_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare ina birkice wata tsohuwar jaka ina neman takardar haihuwar babban yarona, sai ga wasu takardu biyu sun faɗo a manne da juna. Ɗaya rasitin tarar da kotun tafi-da-gidanka ta ci ni a azumin 2020, ɗayar kuma katin rigakafin korona da na yi a 2021. Laifina a lokacin shi ne na hau babur daga Kurna zan kai wa Hajiyarmu maganin hawan jini a Gwale. Tun ƙarfe tara na safe aka zaunar da mu a rana, ga azumi a baki, mun fi mutum arba'in a cunkushe wuri guda, kuma wai duk don kada mu ɗauki cuta ne. Sai bayan la'asar ƙanena ya kawo kuɗin aka sake ni.

Shagona ya yi kusan wata biyu a garƙame. Jarin da muka cinye a gida sai da na shekara biyu kafin na mayar da shi. Ni dai a ganina kullen nan ya fi cutar yi mana illa. To ina tambaya tsakani da Allah: da a ce irin wannan annoba za ta dawo gobe, za ku yarda a sake kulle ku?

Sarkin_Yawo:
Ko da tankar yaƙi za a zo ba zan zauna ba. Ciwon masu hawa jirgi ne, aka zo aka ɗora wa talaka. Ni har yau ban ga mutum ɗaya da korona ta kashe a layinmu ba.

Na_Goron_Dutse:
@Sarkin_Yawo da ka zo layinmu da ka gani. Ƙofar gidanmu tana kallon hanyar maƙabartar Ɗandolo. Na tashi a nan, na san yadda ake shigo da gawa a ranar da aka saba. A makonnin nan na Afrilun 2020 kuwa, kafin masu wannan jana'izar su fito wasu sun iso da makara. Masu haƙa kabari har bororo hannunsu ya yi, sai da samarin unguwa muka riƙa karɓar diga muna taya su. Kuma kusan duk dattawa ne. Limamai, tsofaffin ma'aikata, malaman jami'a, masu sarauta. Daga baya a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya gano mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin suna da alaƙa da korona.

Sarkin_Yawo:
Zafi ne da azumi da maleriya. Ga asibitoci a rufe. Me zai hana tsofaffi mutuwa?

Sista_Mai_Allura:
Ƙanena, zafin Afrilu duk shekara yake zuwa, kuma mace-macen nan sun fara tun kafin a ɗauki azumi ranar 24 ga wata. Amma maganarka ta asibiti akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba.

Ina aikin jinya a wani asibitin gwamnati a cikin birni. Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne wani dattijo da aka kawo a adaidaita sahu. Da ƙafarsa ya shigo, yana ta yi mana barkwanci wai 'ya'yansa ne suka matsa masa, shi ɗan gajiya ce kawai. Na maƙala masa ɗan abin awon iskar jini a yatsa, sai na ga saba'in da wani abu, alhali mai lafiya casa'in da biyar ne zuwa sama. Na ɗauka na'urar ce ta lalace, na gwada a yatsana. Lafiyarta ƙalau. Tukunyar oksijin ɗaya muke da ita mai cika a ɗakin, kuma da wani a kai. Kafin asuba ya cika. Ba a yi masa gwaji ba, don a lokacin wurin gwaji ɗaya ne a Kano kaf, shi ma an rufe shi na wasu kwanaki. A takarda ba ya cikin waɗanda korona ta kashe.

Ɗaya ɓangaren kuma, asibitocin kuɗi da yawa sun ja ƙofa saboda tsoro. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai naƙuda, a yi ta yawo da su daga nan zuwa can. Waɗannan ba ƙwayar cutar ce ta kashe su ba, tsarin da ya ruɗe ne. Mu ma takunkumi ɗaya muke sawa kwana da kwanaki, kuɗin haɗarin aiki kuwa a lokacin naira dubu biyar ne a wata. Shi ya sa likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a watan Yunin shekarar.

Maman_Walida:
Allah ya saka muku da alheri Sista. Ni a kullen nan na haifi Walida, a gida, ungozoma ce ta karɓe ni don babu abin hawa. Allah ne kawai ya tsare.

Barista_Ba_Kuɗi:
Alhaji @Ɗan_Kwari, ka adana rasitin nan, tarihi ne. Bari in ɗan taɓa ɓangaren doka, don nan ne aka fi yin aika-aika kuma aka fi saurin mantawa.

Lokacin da Shugaba Buhari ya yi jawabi ranar 29 ga Maris 2020 ya rufe Legas da Ogun da Abuja, bai ayyana dokar ta-ɓaci ƙarƙashin sashe na 305 na kundin tsarin mulki ba, wadda sai majalisa ta amince. Da wata tsohuwar dokar killacewa ta 1926 ya dogara, dokar da Turawan mulkin mallaka suka bar mana. Wannan doka ta ba shugaban ƙasa ikon ayyana wuri a matsayin mai ɗauke da cuta da kafa ƙa'idoji, ta kuma ce gwamna ma zai iya a jiharsa idan shugaban ƙasa bai yi ba. Lauyoyi da dama, har da marubucin nan Wole Soyinka da ba lauya ba, sun tambayi hurumin rufe jihohi haka da baki. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wa mutum 'yancin zirga-zirga da taro saboda lafiyar jama'a, amma da sharaɗin ya zama bisa doka, kuma dokar da hankali zai ɗauka a ƙasar da ake dimokuraɗiyya.

To ina hankali a tara mutum arba'in wuri ɗaya don a hukunta su kan cunkoso? Abin da ya fi wannan muni, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18. A ranar da ta fitar da rahoton, waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a Najeriya kaf ba su kai haka ba.

Da aka tashi gyara kuma, kakakin majalisar wakilai na lokacin Femi Gbajabiamila ya kawo ƙudurin dokar cututtuka masu yaɗuwa, sai aka gano yawancinsa daga dokar Singafo ta 1977 aka kwafo, ga kuma iko mai yawa da aka jibga wa shugaban hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC. Aka yi caa a kai, ƙudurin ya kwanta.

Ɗan_Kwari:
Barista, kenan zan iya zuwa a dawo min da kuɗina? 😂

Barista_Ba_Kuɗi:
Kuɗin motar zuwa kotu sai ya ninka tarar, Alhaji. Ka bar wa Allah.

Kwamared_Talaka:
Ni abin da ya fitar min da abin daga rai jana'izar Abba Kyari ce. Shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, korona ta kashe shi ranar 17 ga Afrilu, kowa ya kalli yadda manya suka yi cincirindo a maƙabartar Gudu a talabijin, har sai da kwamitin shugaban ƙasa kan yaƙi da korona ya fito ya ba da haƙuri. A makon nan ne ake karya wa mai shayi tebur a unguwarmu. Doka in ta zama ta talaka kaɗai, kada a yi mamaki in talaka ya ce ƙarya ce.

Alaramma_Na_Gabas:
Malamai sun yi bayani tun farko cewa killacewa ba baƙon abu ba ne a addini. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda yake ciki fita. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Wannan ba mu da ja a kai.

Inda nake da ƙorafi shi ne abin da aka yi wa almajirai. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowa ya mayar da yara jiharsu ta asali, a daidai lokacin da aka ce kada kowa ya tsallaka iyakar jiha. Aka zo tsangayarmu da motoci aka kwashe yara kamar buhunan gero, wasu ko allonsu ba su ɗauka ba. Wani ƙaramin yaro da mahaifinsa ya damƙa min amanarsa hannu da hannu, sai da na yi kwana goma sha ɗaya ban san inda yake ba. Da aka sauke wasu a Kaduna da Jigawa aka gwada, aka samu masu ɗauke da cutar a cikinsu. To wanda ba shi da ita da ya hau motar fa, bayan awa biyar a matse da mai ita? Hadisin ya ce kada a fita daga garin annoba, su kuma suka ɗebi yara daga garin annoba suka rarraba ƙauyuka.

Anti_Malama:
Allah gafarta Malam, da girmamawa, yadda aka yi kwasar bai yi ba, na yarda. Amma a tsangayar ma yara nawa ne ke kwana a zaure ɗaya? Kuma da gari ya kulle, babu gidan da za su je bara, wa zai ciyar da su? Korona ba ita ta kawo matsalar ba, tona ta kawai ta yi.

Alaramma_Na_Gabas:
Malama, da hatsin da aka ce an ware an kawo mana kashi ɗaya cikin goma, da mun riƙe su a inda suke har a buɗe gari. Ko mudu ɗaya ba mu gani ba.

Ɗan_Bukur:
Hatsin ai yana sito, Malam, mu muka gan shi da idonmu. A watan Oktoba 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, da aka fasa babban ɗakin ajiya a Bukur kusa da Jos, mutane har kan rufi suka hau suna yaye kwano. Ni ban ɗauki komai ba, amma na tsaya na kalla. Wata tsohuwa na gani tana jan buhu a ƙasa don ta kasa ɗagawa, tana kuka tana jan abinta. Haka aka yi a Legas da Kalaba da Yola da Gwagwalada. Da yawan kayan na CACOVID ne, wato gamayyar 'yan kasuwa da bankuna da su Ɗangote da Babban Banki suka haɗa. Gwamnoni sun ce ba ɓoyewa suka yi ba, wai wasu kayan ba su daɗe da isowa ba, wasu kuma an tanade su ne saboda dawowar cutar karo na biyu. To ko ma gaskiya suka faɗa, yunwar a Afrilu da Mayu aka yi ta.

Maman_Walida:
Mu a layinmu taliya ƙwaya huɗu da mudun shinkafa biyu aka kawo wa mai unguwa ya raba wa gida goma sha. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi, ya ce a dafa a masallaci a ba yara.

Kwamared_Talaka:
Kada ku manta da ciyar da 'yan makaranta alhali makarantu na rufe 😂 Da kuma dubu ashirin-ashirin da ma'aikatar jinƙai ta Sadiya Umar Farouq ta raba wa waɗanda ke cikin rajistar talakawa, kuɗin wata huɗu a haɗe. Buhari ya ce a faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa 3.6. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200! Ga kuma dala biliyan 3.4 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince ya ba Najeriya a watan Afrilun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar rigimar tamu a kan masallatai ta fi tsanani. An samu mutum na farko ranar 19 ga Maris, ba a jima ba gwamnati ta rufe wuraren ibada, ta killace Yamai, ta sa dokar hana fitar dare. A Mirriya kusa da mu matasa suka tada tarzoma, a Yamai ma an ƙona tayoyi gab da azumi, an kama mutane da yawa. Sai 13 ga Mayu aka buɗe masallatai. Abin da ya harzuƙa mutane, kasuwa tana ci, an ce sallar jam'i ce haɗari.

Amma in faɗi alheri: gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na wata biyu, kuma Shugaba Isufu ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa don a rage cunkoso, cikinsu har da madugun 'yan adawa Hama Amadu. Mu dai abin da ya fi karya mu iyaka ce. Ku kun riga kun rufe taku tun Agustan 2019, korona ta zo ta ƙara mata kwaɗo.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Mu a Gana sati uku kawai aka kulle Ankara da Kumasi, shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo ya buɗe, don ya ga ba za a iya ba. An ba da ruwan famfo kyauta na watanni. Waɗanda suka fi ba ni tausayi 'yan matan kayayo masu dako a kasuwa, da suka rasa aiki da wurin kwana dare ɗaya, har wasu suka ɓuya a bayan manyan motoci don su koma Arewa. Barista, dokar da aka yi amfani da ita wajen hana taro a nan, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2023, ta ce ta saɓa wa tsarin mulki.

Barista_Ba_Kuɗi:
Na gode ɗan'uwa, na bibiyi wannan shari'ar. Ihu bayan hari ne, amma ya fi shiru. Aƙalla gwamnatin gaba ta san iyakarta.

Likitan_Ƙauye:
Na karanta duka tun daga sama. Ina so in raba abu biyu da ake ta cakuɗawa: ko cutar gaskiya ce, da ko kullen da aka yi mana shi ne maganinta. Na farko babu tantama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 an samu ƙarin mace-mace kusan miliyan 15 a duniya a kan abin da aka saba. Namu adadin na hukuma, dubu uku da ɗari da wani abu, waɗanda aka gwada ne kawai. Mu da muke binne mamaci kafin azahar ba tare da takardar shaidar mutuwa ba, dattijon da Sista ta ba da labari irinsa nawa ne?

Na biyu kuwa, amfanin kulle shi ne sayen lokaci. Ba ya kashe ƙwayar cuta. Ana rage gudun yaɗuwarta ne don a samu a tanadi gado da oksijin da wurin gwaji, a kuma gano maganin da ke aiki. Kuma an gano. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta a Ingila ya nuna dexamethasone, tsohon magani mai araha da ke kowane asibiti, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan gwajin dai ya nuna dangin kulorakwin ba ya hana mutuwa, bayan mutane sun riga sun sha sun jigata a Legas saboda Trump ya yabe shi. Ruwan maganin gargajiya na Madagaska da aka yi ta yayatawa, tazargade ne tushensa, masu bincikenmu na Abuja sun duba ba su ga shaidar yana warkar da korona ba.

Tambayar ita ce lokacin da aka saya da yunwar mutane, me aka yi da shi? Wuraren gwaji dai an ƙara su sosai, daga 'yan ƙalilan a farko zuwa kusan kowace jiha. Amma asibitin da nake yanzu, in mai ciwon huhu ya zo yau, sai mun tura ɗan'uwansa gari ya nemo oksijin.

Sarkin_Yawo:
To likita ai ka dawo kan maganata. An wahalar da mu a banza.

Likitan_Ƙauye:
Ban ce a banza ba. Na ce an biya tsada, kayan da aka samu bai kai kuɗin ba. Da banbanci.

Hajiya_Turai:
Ni rigakafin ne ban yi ba kuma ba na nadama. Mu 'yan Kano ba mu manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Sista_Mai_Allura:
Hajiya, tsoronki yana da tushe, babu mai cewa ƙarya ne. Yara kusan 200 aka sa a gwajin nan, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Amma ki tuna abin da wannan tsoron ya jawo mana a 2003, da aka dakatar da allurar shan inna kusan shekara guda, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, aka bi gida-gida shekara da shekaru, sannan a watan Agustan 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ni na yi na korona har uku, na kuma haihu bayan nan, ga masu cewa yana hana haihuwa.

Baƙon_Landan:
Ni abin da ya ƙona min rai a maganar rigakafi ba shi ne ko yana aiki ba, rabon ne. Ina aikin kula da tsofaffi a nan, tun farkon 2021 aka yi min. A lokacin ko kwalba ɗaya ba ta iso Najeriya ba. Gana ce ta fara karɓar na COVAX, shirin raba wa ƙasashen duniya rigakafi, ranar 24 ga Fabrairu, Najeriya ta samu kusan miliyan huɗu ranar 2 ga Maris. Daga nan Indiya, inda ake sarrafa shi, ta dakatar da fitarwa saboda tata annobar ta yi tsanani, aka zauna jiran tsammani. Da ƙasashen masu kuɗi suka ƙoshi sai suka fara kyauta da wanda ya kusa lalacewa. A Disambar 2021 Najeriya ta lalata sama da allura miliyan ɗaya a bolar Abuja saboda wa'adinsu ya wuce.

Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a jingine haƙƙin mallakar fasahar rigakafin tun Oktoban 2020 don kowa ya iya sarrafawa, aka yi ta ja har Yunin 2022, abin da aka amince da shi ma guntu ne. Sannan da masanan Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona mai suna Omicron suka sanar da duniya, ladan da aka ba su shi ne hana matafiyansu shiga ƙasashe. Mu ma Ingila ta sa Najeriya a jerin ja, wato ƙasashen da aka taƙaita shigowa daga cikinsu, a Disambar nan, na yi asarar tikitin zuwa bikin ƙanwata, bayan kwana kaɗan kuma suka soke jerin gaba ɗaya.

Alhaji @Ɗan_Kwari, kan tambayarka: nan ma an kulle mu, fiye da ku ma. Amma a lokacin gwamnati tana biyan wanda aka zaunar kashi 80 cikin ɗari na albashinsa. Kulle da albashi daban, kulle da hannu baka hannu ƙwarya daban. An kwafo rabin tsarin ne aka bar rabin.

Kwamared_Talaka:
Kamar dai dokar Singafon da Barista ya faɗa. Mu komai sai kwafe.

Barista_Ba_Kuɗi:
Kan maganar rabo, a watan Mayun 2025 ƙasashe sun amince da wata yarjejeniyar annoba a taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda daga cikin manufofinta akwai a riƙa raba magani da rigakafin da aka yi da samfurin ƙwayar cutar da ƙasashe suka bayar cikin adalci. Sai dai Amurka ba ta ciki, Trump ya riga ya sa hannu kan ficewa daga hukumar. Da sauran rina a kaba.

Anti_Malama:
Babu wanda ya yi maganar makaranta. Daga Maris har wajen Oktoba yara na gida. An ce a yi karatu ta rediyo da intanet. A ajina na 'yan mata, da aka dawo, kujeru bakwai babu masu su. Na bi sawu, biyar an yi musu aure. Wannan ba ya cikin lissafin kowa.

Ɗan_Kwari:
Na gode muku duka, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Ɗazu bayan magariba na je gaida Hajiya, na karanta mata wasu daga cikin amsoshinku, na kuma yi mata tambayar. Ta yi shiru, sannan ta lissafa min ƙawayenta uku da suke zuwa islamiyya tare, duk a sati biyu suka rasu a lokacin. Ta ce duk wanda ya ce babu korona kada ya faɗa a gabanta. Amma ta ce in ta dawo, ita a kulle ta a ɗaki a riƙa miƙo mata abinci ta taga, mu kuma a bar mu mu fita nema, don ba ta ga amfanin a tsare tsohuwa da jikokinta su kwana da yunwa tare ba.

Likitan_Ƙauye:
A gaishe da Hajiya. Abin da ta faɗa masana ma sun yi ta muhawara a kai, don shekaru ne babban abin da ke sa cutar ta yi kisa, mu kuma yawancinmu matasa ne. Matsalar ita ce aiwatarwa. Gidanku mutum nawa ne, banɗaki nawa, kuma wa zai hana jikokin shiga ɗakin kaka? Sannan ba dole annoba ta gaba ta zama mai zaɓen tsofaffi ba. Murar 1918 matasa majiya ƙarfi ta fi kwashewa.

Ɗan_Kwari:
Mu ashirin da uku ne, banɗaki biyu. Jikokin kuwa a gadonta suke kwana, ko sanda ba ta korarsu.

Sarkin_Yawo:
Ni dai ina nan kan bakana, ba zan zauna ba. Amma in Hajiya ta ce in sa takunkumi zan sa.

Na_Goron_Dutse:
Kai da ka ce babu ita?

Sarkin_Yawo:
Na ce ban gani a layinmu ba.

Hajiya_Turai:
Don Allah tunda ana maganar kati, wanda zai je Hajji bana har yanzu ana tambayar na korona? Maigidan ne ya biya mana.

Sista_Mai_Allura:
Ki tambaya a hukumar alhazai ta jiharku Hajiya, ƙa'idar Saudiyya tana canzawa shekara-shekara. Na sanƙarau dai babu makawa sai an yi miki, ki shirya hannunki.